Samanja Mazan Fama da Begen Jiya: Mai Kaki a Wasan Kwaikwayon Telebijin, Tare da Waiwaye Daga Ƙasar Zuru

1.0 GABATARWA

Ranar 12 ga watan Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna yana da shekara 81 a duniya. Mutane ƙalilan ne suka san shi da wannan suna, domin sunan da ya bi shi har kabari shi ne Samanja Mazan Fama. Duk wanda ya saurari ta'aziyyar da ta biyo baya a gidajen rediyo da jaridu zai lura cewa kukan da ake yi ya zarce na rashin mutum guda. Zamani guda ake yi wa ta'aziyya, watau zamanin da iyali da maƙwabta kan taru gaban akwati ɗaya su yi ta dariyar wani soja mai gashin baki da tsawa, alhali kuwa sojoji ne ke riƙe da ragamar mulkin ƙasa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wannan bege ta fuskar tarihi. Za mu yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Ta farko, yaya aka yi mai kaki ya zama abin dariya a telebijin na gwamnati a tsakiyar mulkin soja? Ta biyu, me ya sa soja ne ya sami wannan matsayi, aka tsallake ɗan doka, wanda shi ne ainihin mai tsaron ƙananan garuruwanmu? Ta uku kuma, in an ce ana begen Samanja, begen mene ne ake yi? Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga ƙasar Zuru ta Jihar Kabi, musamman yankin Kanya, saboda da wuya a sami wata ƙasa a Nijeriya da kaki ya shiga gidajenta kamar wannan, kuma da wuya a sami inda rashin tsaro ya sa begen ya yi ɗaci kamar can.

2.0 MAI KAKI KAFIN ZUWAN TELEBIJIN

2.1 Dogari da Ɗan Doka

Kafin zuwan Turawa, dogari shi ne hannun sarki. Shi ke kamu, shi ke kai saƙo, shi ke tsaron fada da kasuwa, kuma rigarsa mai ja da kore ta isa shaida. Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903 sai suka bar dogarai a hannun sarakuna, bisa tsarinsu na mulki ta hannun masu ƙasa. A cikin shekarun 1920 aka shiga yi wa aikin gyara, aka fara daga Kano, aka fitar da wata runduna mai kaki da fareti da albashi daga baitulmali, wadda daga baya ta shahara da sunan 'yan doka. 'Yan sandan gwamnati kuwa, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930, an fi ganinsu a bariki da Sabon Gari da bakin layin dogo.

Ke nan a ƙaramin gari ɗan doka shi ne hukuma. Ɗan gari ne, an san ubansa, an san gidan da ya yi aure. Shi ke raka masu karɓar haraji da jangali, shi ke kai sammaci, shi ke raba faɗa ranar kasuwa. Amma fa wannan kusanci yana da kaifi biyu. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, an yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen muzguna wa 'yan hamayya a wurare da dama, har sunan ɗan doka ya haɗu da bulala da ankwa a zukatan talakawa masu yawa. Saboda irin waɗannan koke-koke ne gwamnatin soja ta kafa kwamiti a 1966 ƙarƙashin Malam Yusuf Gobir, wanda ya ba da shawarar a mayar da 'yan doka da gidajen yari hannun Gwamnatin Tarayya. Daga 1968 aka shiga narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an gama.

Wannan ya ba mu amsar tambayarmu ta biyu tun da wuri. A daidai lokacin da telebijin ya fara yaɗuwa a Arewa, ɗan doka ya riga ya kau. Wanda ya gaje shi baƙo ne da ake turowa daga nesa, a ɗauke shi bayan 'yan shekaru, sau da yawa ma bai jin harshen garin. Ɗan doka ya bar tabon da bai warke ba balle a yi wasa da shi, ɗan sanda kuma bai zauna ya saba da mutane ba balle a yi masa wasan sabo.

2.2 Soja da Bariki

Tarihin soja a ƙasar nan ya faro ne daga 1863, lokacin da Glover ya tara wata 'yar runduna a Legas wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugga, watau Lugard, aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kuma ƙone Satiru a 1906. Hausa ita ce harshen wannan runduna har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka fara tura Ingilishi, kuma hafsoshin Turawa kan zauna jarrabawar Hausa. Daga wannan cuɗanya ne muka sami kalmomi irin su kurtu, da farabiti, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa, da fareti, da ita kanta bariki. Daga nan ne kuma aka sami Barikanci, watau Hausar da Tibi da Angas da Babarbare da Badakkare ke magana da juna da ita, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ba ta kuma damu da ƙ da ɗ da ɓ ba.

A idon Bahaushen birni, soja abin tsoro ne kuma abin raini a lokaci guda. Shaidar haka tana cikin harshe, domin har yau in aka ce wane ɗan bariki ne, ba yabonsa aka yi ba.

2.3 Al'adar Kwaikwayon Masu Iko

Kwaikwayon mai iko daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. A kalankuwa samari kan naɗa wa junansu muƙaman hukuma su yi mulkin 'yan kwanaki. 'Yan kama kan kwaikwayi malamai, yara kuma kan kwaikwayi kowa a tashe. Wajen 1925, a yankin Filinge na ƙasar Nijar, wasu masu bori da ake kira Hauka ko Babule suka shiga kwaikwayon sojojin Faransa da faretinsu, har hukuma ta kama su ta ɗaure. Abin lura a nan shi ne, al'ada ta yarda a yi wa mai iko dariya, amma da sharaɗi: a san fili, a san lokaci, a kuma san iyaka. Masu wasan gauta sun kiyaye sharaɗin suka sami tukuici, Babule suka tsallake shi suka sha ɗauri.

3.0 KAFUWAR TELEBIJIN A AREWA

An buɗe gidan telebijin na farko a Nijeriya a Badun ranar 31 ga Oktoba, 1959. Na Inugu ya biyo baya a 1960, sannan a watan Maris na 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan Rediyo da Telebijin na Kaduna, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Fiye da shekara goma wannan gida shi kaɗai ne a Arewa. Na Jos ya zo a 1974, shi ne kuma ya fara nuna hoto mai launi, sannan na Kano da Sakkwato da Maiduguri suka biyo a tsakiyar shekarun 1970. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar NTA ta haɗiye dukkan gidajen. Tsarin mulkin 1979 ya sake ba jihohi dama, shi ya sa gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980.

Abu biyu suka taimaka wa akwatin ya shiga gidaje: kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji wanda aka biya ma'aikata a farkon 1975 haɗe da bashin watanni. Duk da haka telebijin kayan birni ne, sai inda wutar lantarki ta kai. Gidan da ke da shi kan zama dandali, yaran unguwa su cika tsakar gida. Mutanen karkara kuwa rediyo ne nasu, kuma Rediyon Kaduna mai gajeren zango ya kai ko'ina, har ƙetaren iyaka.

A wannan zamani kowane gida ya yi suna da wasansa. Kaduna na da Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Samanja. Kano na da Kuliya Manta Sabo, wanda ya ɗauki zauren shari'a ya mai da shi dandali. Jos na da Karkuzu na Abdullahi Shu'aibu, Sakkwato kuma na da Idon Matambayi. Galibinsu tafarki ɗaya suka bi: ba a rubuta kowace kalma, sai a tsara labari a bar 'yan wasa su zuba magana daga bakinsu, a nishaɗantar, a kuma ƙare da gargaɗi. Daga cikin waɗannan mashahurai, wanda ya ɗauki mai kaki ya mai da shi jigo shi ne Samanja.

4.0 SAMANJA: MUTUMIN DA WASANSA

4.1 Mutumin

An haifi Usman Baba Pategi a 1942 a gidan sarautar Pategi, a ƙasar Nufe ta bakin Kwara. Ke nan shi ba Bahaushe ba ne, kuma wannan yana da muhimmanci ga abin da za mu faɗa nan gaba. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki a gidan rediyo, sannan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, inda ya sami horo a sashen sadarwa. Masu rubuta tarihinsa sun ambaci cewa daga cikin hafsoshin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu akwai Sani Abacha da Sani Sami, wanda daga baya ya zama Sarkin Zuru. Wasan Samanja ya fara fita daga Kaduna a 1973, a rediyo da telebijin, shekara uku kacal bayan ƙare yaƙi. Da farin jininsa ya bunƙasa aka ɗauke shi zuwa shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya, aka ƙara masa Turancin buroka domin mutanen Kudu su fahimta, ya kuma ci gaba har cikin shekarun 1980.

4.2 Muƙamin

Hikimar wasan ta fara ne daga zaɓen muƙami. Samanja shi ne ƙololuwar abin da kurtu marar ilimin boko mai zurfi zai iya kaiwa bayan shekaru masu yawa yana taka fareti. A wajen ƙananan sojoji shi ne dodo: shi ke duba takalmi da maɓalli, shi ke tsawa a fili, shi ke tura mai laifi gadurum. Amma ƙaramin hafsan da ya fito makaranta jiya, sa'an ɗansa, dole samanja ya ƙame ya sara masa. Mutum ne da ke tsakiya, yana taka na ƙasa, na sama na taka shi. Duk wanda ya taɓa zama helma a kamfani, ko babban akawu, ko mai unguwa, ya san wannan matsayi, shi ya sa farar hula ma suka ga kansu a cikinsa. Daɗin daɗawa, wasan ya bi Samanja har gida, inda tsawar fili ba ta da tasiri, domin rigimar iyali da ta maƙwabta ba ta san igiyar da ke hannun riga ba.

4.3 Harshen

Rabin dariyar wasan a harshe take. Samanja kan fara magana da Hausar bariki, ya tsallaka Turancin buroka, ya jefa kalmar fareti, ya komo, duk a numfashi ɗaya, kuma da cikakken ƙarfin zuciya kamar wanda bai taɓa kuskure ba. Bakano ko Basakkwace na dariya saboda an karya masa harshe. Amma akwai wasu masu sauraro, miliyoyi, waɗanda Hausa harshensu na biyu ne, daga Zuru zuwa Langtang zuwa Biu, su kuma dariyarsu ta wanda ya ji muryar kawunsa ce a akwatin gwamnati. A ganinmu wannan shi ne babban abin da wasan ya yi wa harshen Hausa. Ya nuna a fili cewa Hausa ta fi ƙarfin Hausawa, kuma mai karya ta yana da haƙƙi a cikinta. Banufe ne ya yi wannan aiki, kuma da wuya a ce wani wanda ya sha Hausa a nono zai iya yinsa ba tare da abin ya zama gori ba.

4.4 Me Ya Sa Sojoji Suka Ƙyale Shi?

Kada mu ɗauka zamanin na sakin baki ne. A shekarar da wasan ya fara, 1973, aka yi wa ɗan jarida Minere Amakiri bulala aka aske masa kai a Fatakwal saboda labarin da bai yi wa gwamnan soja daɗi ba. A watan Fabrairu na 1977 sojoji suka ƙone gidan Fela a Legas bayan ya yi waƙar da ta yi musu ba'a. A 1984 Doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. To, yaya Samanja ya tsira? Muna ganin dalilai uku.

Na farko, rundunar tana bukatarsa. Kafin yaƙi sojojin Nijeriya kimanin 10,000 ne, amma zuwa 1970 sun kai kimanin 250,000. Barikokin da ke akwai ba su iya ɗaukarsu, saboda haka dubbai suka zauna haya cikin gari, kuma rikici tsakaninsu da farar hula a kasuwa da tasha ya zama ruwan dare. Wasan da zai nuna soja mutum ne mai iyali da bashi da kuskure, wanda kuma akwai doka a kansa, ya yi wa rundunar aikin da sanarwa ɗari ba za ta yi ba.

Na biyu, dariyar ta san iyakarta. Samanja ake yi wa dariya, shi kuwa samanja bai yin juyin mulki, bai ba da kwangila, bai sa hannu a doka. Mulkin ƙasa yana hannun masu tauraro a kafaɗa, wasan kuma ya tsaya kan masu igiya a hannu. Sharaɗin wasan gauta ke nan aka kiyaye.

Na uku, mai wasan ɗan gida ne. Abin da taubashi zai faɗa maka ka yi dariya, in bare ya faɗa sai a kai ga alƙali. Pategi ya sa kakin da gaske kafin ya sa shi a wasa, sojoji kuma sun san haka.

5.0 ƘASAR ZURU DA KAKI

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙasashe biyar: Dabai, da Danko, da Fakai, da Sakaba, da Wasagu. A tsarin mulki na yau ƙananan hukumomi huɗu ne, watau Zuru, da Danko/Wasagu, da Fakai, da Sakaba, kuma Kanya tana cikin Danko/Wasagu. A zamanin Turawa ƙasar tana tare da Kwantagora, daga baya cikin Lardin Neja. Ta shiga Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Kabi a 1991. Mazaunanta sun haɗa da Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa da Fulani, kuma Hausa ce harshen kasuwa a tsakaninsu.

Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka sa Dakarkari cikin ƙabilun da suka ɗauka masu jarunta ne, suka riƙa ɗibarsu aikin soja. Akan danganta wannan da al'adar golmo, inda saurayi kan yi shekaru, har zuwa bakwai, yana noma a gonar surukinsa tare da sa'o'insa kafin a ba shi mata, abin da ke koya juriya da biyayya da aiki cikin ƙungiya. Wannan gaskiya ne, amma bai kamata mu manta da sauran dalilan ba: harajin da dole a biya da tsabar kuɗi, da ƙarancin makarantu, da rashin wata hanyar samun albashi. Da mazan jiya suka komo daga Bama bayan 1945 da lambobi a ƙirji da fansho a aljihu, sai aikin soja ya zama gado, ɗa ya bi uba, ƙane ya bi wa.

Daga wannan tushe ne ƙasar ta fitar da manyan hafsoshi: Manjo Janar Muhammadu Magoro, ministan harkokin cikin gida daga 1984 zuwa 1985, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, gwamnan Bauci a waɗannan shekaru, wanda ya riƙe sarautar Zuru tun tsakiyar shekarun 1990 har rasuwarsa a watan Agusta na 2025, Manjo Janar Tanko Ayuba, gwamnan Kaduna daga 1990 zuwa 1992, da Laftana Janar Ishaya Bamaiyi, hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Amma a bayan kowane janar akwai ɗaruruwan kofur da saje da samanja waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, kuma su ne wasan ya ɗauko. 'Ya'yansu da suka tashi a barikokin Kaduna da Legas da sauran birane sun ga wasan a telebijin, iyayensu na gida kuma rediyo ya kai musu. Ga mutumin Kano, Samanja baƙo ne mai ban dariya. Ga mutumin ƙasar Zuru kuwa, irinsa ne ke zuwa hutu lokacin Uhola da akwatin ƙarfe da tsaraba, irinsa ne kuma ke komowa bayan ritaya ya kafa gida mai rufin kwano, a riƙa kawo masa ƙara yana sasantawa.

6.0 BEGEN MENE NE?

Irin wannan bege ba mu kaɗai ke da shi ba. A Amurka an yi wani wasa mai suna The Andy Griffith Show daga 1960 zuwa 1968, a kan shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari na ƙage mai suna Mayberry, wanda bai ɗaukar bindiga, da mataimakinsa mai rawar kai wanda harsashi ɗaya tak aka yarda ya riƙe, shi ma a aljihu. Amurkawa sun daɗe suna begen wannan gari, har garin Mount Airy, mahaifar jarumin wasan, ya mai da abin bikin shekara-shekara. Amma shekarun da aka yi wasan su ne na gwagwarmayar baƙar fata da yaƙin Biyetnam, kuma da ƙyar ake ganin baƙin mutum a Mayberry, ko da yake a Kudancin Amurka aka ajiye garin. Shi kansa Andy Griffith ya taɓa bayyana cewa yanayin wasan ya fi kama da na shekarun 1930. Watau tun ranar da aka fara nuna shi, begen wani zamani ne da ya wuce.

Wannan darasi ya shafe mu. Shekarun Samanja su ne shekarun da aka kashe Janar Murtala a 1976, aka harbe ɗalibai a Samaru a 1978, 'yan sanda suka buɗe wa manoman Bakolori wuta a watan Afrilu na 1980 a cikin Jihar Sakkwato wadda Zuru ke cikinta a lokacin, aka kuma yi rikicin Maitatsine a Kano a ƙarshen wannan shekara. Mai nazarin tarihi ba zai ce zamanin na lumana ba ne. Barikin Samanja bariki ne da aka share, aka cire masa jini.

Duk da haka kuskure ne a ce begen banza ne. A watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A farkon Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da 50. Kwana biyu bayan haka, ranar 8 ga wata, aka yi artabu a Kanya lokacin da mataimakin gwamnan jihar na wancan lokaci, Kanar Sama'ila Yombe Dabai mai ritaya, ke tare da dakarun, kuma rahotannin farko sun ce an rasa sojoji 13 da 'yan sanda 5 da ɗan sa-kai 1. Ƙasar da ta yi fiye da shekara ɗari tana ba Nijeriya masu tsaro, ita ce ta wayi gari manomanta na barin gonakinsu.

In muka ɗora begen a kan wannan, za mu ga abu uku a cikinsa. Akwai begen mai kaki wanda aka sani, aka san gidansu, ake iya yi masa dariya a gabansa a kwana lafiya. Akwai begen zamanin da kaki ke da kwarjinin da ɓarawo bai tunkararsa, domin ba a wasa da abin da ake tausayi, kuma dariyar da aka yi wa Samanja ta samu ne saboda kowa ya tabbata ƙarfin rundunar na nan. Akwai kuma begen kallo tare. Bayan fitowar finafinan bidiyo na Hausa daga 1990, da dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, sannan tauraron ɗan'adam da wayar hannu, ya zama da wuya a sami wasa guda da Musulmi da Kirista, Bahaushe da Badakkare, soja da farar hula za su zauna lokaci ɗaya su yi wa dariya.

A nan ne tarihin ɗan doka ke komo mana. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 sun tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa, kuma giɓin da wannan ya bari a karkara shi 'yan banga da 'yan sa-kai suka shiga cikewa, da alherinsu da sharrinsu. Masu kiran a kafa 'yan sandan jihohi, kiran da ya yi ƙarfi a shekarun 2020, suna neman kusancin da ɗan doka ke da shi. Haƙƙin masana tarihi ne su tuna musu dalilin da ya sa aka soke shi, domin wanda ya manta abin da ya kai kwamitin Gobir ga shawararsa zai iya maido da bulalar tare da kusancin.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa Samanja Mazan Fama ɗa ne na zamaninsa: ya fito bayan yaƙi, lokacin da sojoji suka cika gari, ɗan doka ya kau, telebijin kuma ya fara shiga gidaje. Ya tsira a ƙarƙashin mulkin soja saboda ya bi tsohon sharaɗin kwaikwayon masu iko, ya kuma ɗaukaka Hausar waɗanda ba Hausawa ba. Begen da ake yi masa ya rufe ido ga munanan abubuwan wancan zamani, amma yana nuni da wata bukata ta gaskiya, watau mai tsaro wanda jama'a suka sani kuma suka amince da shi.

Saura aikin da ke kanmu. Gidajen telebijin na wancan lokaci sun sha goge kaset su sake ɗaukar wani shiri a kai saboda tsada, waɗanda suka tsira kuma zafi da ƙura na cin su. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Pategi a 2023, Karkuzu a 2025. Saboda haka muna ba da shawara uku. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu su haɗa kai da NTA da Rediyon Tarayya na Kaduna da Gidan Arewa a tattara abin da ya rage na waɗannan wasanni a mayar da shi cikin kwamfuta. A tura ɗalibai su ɗauki hira da sauran 'yan wasa da masu shirya shirye-shirye tun suna raye. A kuma yi irin wannan a ƙasar Zuru da tsofaffin sojoji da tsofaffin 'yan doka da matansu, a rubuta Barikancinsu da labaransu, domin su ne asalin abin da aka kwaikwaya. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna waɗannan shawarwari, su gyara inda ya kamata, su kuma faɗaɗa binciken zuwa sauran wasannin da muka ambata a taƙaice.